Daga Kwamitin Makarantar Unguwa zuwa Shugabancin Ƙungiyar Sa-kai: Yadda Ake Bin Hanyar

Kowace makarantar firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati a Najeriya, a ƙa'ida, tana da kwamitin al'umma da ake kira SBMC. Majalisar Ilimi ta Ƙasa ce ta amince da kafa shi kusan shekara ashirin da suka wuce, bayan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ce karatun shekara tara na farko, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Duk mai niyyar ya jagoranci ƙungiyar sa-kai ta ilimi wata rana, a wannan kwamiti ya kamata ya fara. A nan ake koyon karanta rajistar aji, da riƙe littafin kuɗi, da zama gaban sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hujja a hannu. Takardar rajistar ƙungiya kowa na iya samu cikin 'yan watanni. Waɗannan kuwa sai an zauna an yi su da hannu.

A sani tun daga farko: kujerar ba ta da albashi. Wanda ya shigo da tunanin kuɗin zama ko kwangila, kafin zangon karatu biyu zai daina zuwa taro, ya bar sunansa a takarda yana tare wa wani wuri.

Ta wace ƙofa ake shiga

Ba a neman kujerar da sunan kai. Kowane mamba wakilin wani rukuni ne. Tsarin ya ɗan bambanta daga jiha zuwa jiha, amma yawanci mutum goma sha wani abu ne: wakilin masarauta, mai unguwa ko dagaci ko wanda suka tura, malaman addini, wakilan ƙungiyar iyaye da malamai, wakilan malaman makarantar, mace da namiji, wakilan mata, matasa, tsofaffin ɗalibai, masu sana'ar hannu, da ɗalibai biyu, yaro da yarinya. Hedimasta shi ne sakatare. Shugaban kwamiti daga cikin al'umma yake fitowa.

Saboda haka ka fara duba rukunin da kake ciki da gaske. In tsohon ɗalibi ne kai, ka tara 'yan ajinku su tsayar da kai. In magini ne ko kafinta ko tela, ƙungiyarku ce ƙofarka. Ke kuma Hajiya, in kina cikin ƙungiyar mata ta unguwa ko kina koyarwa a Islamiyya, kujerar wakiliyar mata na nan, kuma ita ce aka fi bari a takarda ba tare da mai zama a kanta ba. Sai a je wurin hedimasta a tambaye shi abu uku: yaushe aka kafa kwamitin da ke ci, yaushe wa'adinsa zai ƙare, kuma ina littafin bayanan taro. Idan ya ce babu kwamiti, ko ya zaro wata takarda mai sunayen mutanen da ba su ma san an rubuta su ba, mataki na gaba shi ne ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, sashen wayar da kan jama'a. Jami'an wannan sashe ne ke da alhakin kafa kwamitoci da horar da su. A nemi su zo su kira taron gari, a yi zaɓe a fili, mai unguwa na zaune. Kwamitin da aka naɗa a ɗaki, ranar da zai nemi gudummawar jama'a ba wanda zai amsa masa.

Zangon farko: ƙirga kawai

Sabon mamba yakan zo da zafi, yana son a ga canji cikin mako guda. Ka riƙe wannan zafin. Aikin zangonka na farko ƙirga ne.

Ka sami ƙaramin littafi, ka riƙa shiga makaranta ba tare da sanarwa ba, aƙalla sau shida a zango, a ranaku daban-daban. Lallai a cikinsu a sami ranar kasuwar garin, da Juma'a, da wata Litinin. Kowace ziyara ka ƙirga yara sau biyu, da safe bayan an shiga aji da kuma bayan tara, maza daban mata daban. Bambancin lambobin biyu shi ke nuna yaran da ke zuwa amsa suna su koma talla ko gona. Sai ka gwada da abin da ke cikin rajistar aji. Aji mai suna tamanin a rajista amma kullum arba'in kake tararwa, akwai magana: ko yaran sun daina zuwa ba a goge su ba, ko an cika rajistar da sunaye don a nuna yawa. Maganin kowannensu daban ne, shi ya sa ba a yanke hukunci kafin a bi sunayen gida-gida.

Haka malamai. Akwai littafin sa hannu a ofishin hedimasta. Ka duba wanda ya sa hannu, sannan ka zagaya ka ga wanda ke tsaye gaban allo. Ka rubuta malamai nawa aka turo, nawa ke da NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, kuma yara nawa ke gaban kowane malami. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Da wannan ma'aunin za ka yi magana a ofis, ya fi ka je ka ce "malamai sun yi mana kaɗan".

Sai gini: azuzuwa nawa, nawa ke da rufi, nawa ke da daɓe, benci nawa ke zaunuwa, banɗaki nawa ke aiki kuma ko na 'yan mata a ware yake da ƙofa mai rufuwa, ina ake shan ruwa. Ka ɗauki hoto da waya, ka rubuta kwanan wata.

Ƙirgar da ta fi duka muhimmanci ita ce wadda aka fi mantawa. Da izinin malamin aji, ka zaɓi yara goma daga aji uku ko huɗu, kada ka ɗauki 'yan layin gaba kaɗai. Ka ba kowannensu layi uku na Hausa mai sauƙi ya karanta, da lissafin ɗebewa guda biyu. Ka rubuta nawa suka iya. Makaranta na iya samun sabon fenti da katanga, yaran aji huɗu kuma ba sa haɗa baƙi. Kwamitin da bai taɓa gwada wannan ba, duk shekara gini zai yi ta nema.

Zama da hedimasta, da iyakar ikonka

Kwamiti ba ya ɗaukar malamin gwamnati aiki, ba ya korarsa, ba ya yi masa canjin wuri. Wannan na hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ne da SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Ba ka da ikon tsawata wa malami gaban ɗalibai, kuma ranar da ka yi haka ka rasa duk malaman makarantar. Idan wani malami ya saba fashi, a fara da hedimasta a keɓe: "Malam, ga abin da muka gani ranar kaza da ranar kaza, ko akwai wani uzuri da ba mu sani ba?" Sau da yawa akwai. Wani daga nesa yake zuwa kuɗin mota ya gagare shi, wata malama jego take ba a turo madadinta ba. Wani lokaci ɗaki ɗaya da mai unguwa zai samar wa malami a cikin gari ya kashe matsalar. In an yi magana sau biyu ba canji, a sa a ajandar taro, a rubuta a littafi, sannan a kai wasiƙa ga sakataren ilimi da sa hannun shugaba da sakatare. Kowace wasiƙa a yi ta kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa a dawo da ita fayil. Ƙorafin baki a ofis, da ka fita ya bi iska.

Wani kuskure mai jawo fitina shi ne ɗora wa yara kuɗi. Dokar 2004 ta hana karɓar kuɗin makaranta a wannan mataki. Kwamiti na iya neman gudummawa daga manya, 'yan kasuwa, tsofaffin ɗalibai, manoma a lokacin kaka, amma ba a korar yaro gida don bai kawo kuɗin alli ko na tsintsiya ba. Yarinyar da aka kora kan naira ɗari, da wuya a sake ganinta a aji.

Taro kuwa, sau biyu a zango ya wadatar in ana yin sa da gaske. A sa shi lokacin da mata za su iya zuwa. Bayan Isha'i a ƙofar gidan mai unguwa taron maza ne ko da an ce na kowa ne. Inda mata ba sa sakewa gaban manya, su yi nasu zaman tukuna, wakiliyarsu ta kawo abin da suka yanke a rubuce. Su ne suka san gidan da aka cire yarinya daga aji biyar da dalilin cire ta, kuma su ne ke iya shiga gidan. Ɗaliban nan biyu na kwamiti ma a tambaye su kafin taro, a wuri mai natsuwa, don ba yaron da zai faɗi laifin makaranta hedimasta na kallonsa.

Tsarin aiki da riƙon kuɗi

Daga ƙirgar da aka yi ake fitar da tsarin raya makaranta na shekara. A jera matsaloli duka, sannan a zaɓi uku kacal. A raba su gida biyu: abin da gari zai iya da kansa, kamar gyaran benci, cike ramukan daɓe, aikin gayya na share fili, da abin da sai hukuma, kamar turo malamai ko gina sabon aji. Kowane aiki a rubuta wanda zai yi, nawa zai ci, daga ina kuɗin zai fito, wane wata za a gama. A lura da yanayi: rufi kafin damina ake gyara shi, a watan Maris ko Afrilu, neman gudummawar hatsi kuma bayan girbi.

Kada a raina wannan takarda. Shirye-shiryen da suka ba makarantu tallafi kai tsaye ta hannun kwamitoci, irin su NIPEP a Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina da Sakkwato, da AGILE na Bankin Duniya da aka amince da shi a 2020, da shirin inganta makarantu na UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, duk sun nemi kwamiti mai aiki, da tsari a rubuce, da asusun banki. Makarantar da ta tanadi waɗannan kafin a zo nema ita ke shiga gaba.

Asusun da sunan kwamitin makaranta ake buɗe shi, masu sa hannu uku, ba a cire ko sisi sai biyu sun sa. Kuɗin makaranta ba ya kwana a asusun mutum, ko da na awa ɗaya ne, ko da mutumin limami ne. Ma'aji ya riƙe littafi mai layi biyar: kwanan wata, bayani, shiga, fita, saura. Kowace fita da rasit mai lamba, a manna shi a fayil bi da bi. Mai yashi ko mai kura da ba shi da rasit, a rubuta masa takarda ya sa hannu ko ya dangwala, da shaida ɗaya. Sayayya mai nauyi a karɓo farashi daga shaguna uku a rubuce. Ƙarshen kowane zango a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a babbar takarda, a liƙa a bangon makaranta inda mai wucewa zai gani, a kuma karanta a taron iyaye. Zargin cin kuɗi ya fi kashe kwamitoci fiye da cin kuɗin kansa, kuma takardar bango ce rigakafinsa.

Wurin gini ake yawan zubar da mutunci, don haka a sa ido a kan ƙananan abubuwa. Buhun siminti kilo 50 ne. In mai buga bulo ya fitar da bulo hamsin mai inci tara daga buhu ɗaya, yashi ya sayar muku, kuma za ka gane da ka murza gefensa da yatsa ya zube. Bulo na son ban-ruwa na kamar mako guda kafin a ɗora shi. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, a ƙirga a gaban mai kawowa. Yawancin rufin azuzuwa da iskar farkon damina ke yayewa, ba a ɗaure katakonsa da ginin ba ne da ƙarfe ko waya mai kauri. A tsaya a ga an ɗaure kafin a buga kwano. Ramin masai ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, kuma ya kasance ta gangare. Kada a biya magini duka a farko: kashi ɗaya na somawa, kashi ɗaya in an kai linta, sauran bayan kwamiti ya duba aiki.

Lokacin kafa ƙungiya

Bayan shekara biyu ko uku, in aiki ya yi kyau, makarantun maƙwabta za su fara zuwa tambaya. Za ka kuma ga matsalolin da suka fi ƙarfin makaranta ɗaya, kamar 'yan matan da ke gama aji shida babu ƙaramar sakandare kusa. A nan ƙungiya ke da amfani. A fara da rajistar ƙaramar hukuma ko ta ma'aikatar jiha mai kula da ƙungiyoyi, a yi aiki da ita shekara guda. In an ga mutanen na riƙe amana, sai a tafi CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa.

Rajistar da ta dace da yawancin ƙungiyoyin ilimi ita ce ta amintattu, wato mutanen da ake damƙa wa amanar ƙungiya da dukiyarta, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana buƙatar amintattu biyu ko fiye. Uku ko biyar ya fi, don a iya yanke magana in an saɓa. Doka ta hana zama amintacce ga wanda bai kai shekara 18 ba, da wanda kotu ta tabbatar ba shi da cikakken hankali, da wanda aka ayyana ya karye da bashi bai farfaɗo ba, da wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar da suka gabata. Ana fara neman amincewa da suna a shafin hukumar na intanet. Sai kundin tsarin ƙungiya, da bayanan taron da aka zaɓi amintattu aka kuma amince da kundin, da shaidar kowane amintacce da hotonsa. Sannan a buga sanarwa a jaridu biyu na kullum, aƙalla ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Abin da ya fi dawo da takardu baya shi ne saɓanin suna: yadda aka rubuta a jarida daban, a katin NIN daban, a kundi daban. Muhammad da Mohammed a wurin hukuma mutum biyu ne. A daidaita harafi da harafi kafin a biya kuɗin jarida. Manufofin ƙungiya kuma a taƙaita su. Kundin da ya haɗa ilimi, lafiya, noma, muhalli da sasanci, mai ba da tallafi na ganinsa ya san ba a ƙware a ko ɗaya ba.

Da takarda ta fito, saura lambar haraji ta TIN, da rajistar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, wadda bankuna kan nema kafin su buɗe wa ƙungiya asusu.

Akwai shawarar da ya kamata ka yanke kafin a rubuta sunanka a ko'ina: amintacce kake son zama ko darakta mai albashi? Doka ta ce dukiyar ƙungiya a kan manufofinta kaɗai ake kashe ta, ba a raba wa mambobi riba. An yarda a biya ma'aikaci albashi daidai aikinsa, amma mamban majalisar gudanarwa ba a naɗa shi muƙami mai albashi, sai wanda muƙaminsa ne ya ba shi kujerar. Abin da ake mayar masa shi ne kuɗin da ya kashe daga aljihunsa kan aikin ƙungiya. Don haka in wannan ce za ta zama sana'arka, ka bar kujerar amintattu ga mutanen da za su iya ce maka a'a: tsohuwar shugabar makaranta, akanta, malamin da gari ke jin maganarsa. Kai ka zama darakta, su yanke albashinka, su duba littafinka. Ƙungiyar da amintattunta miji ne da mata da ƙanin miji, ba ta tsallake binciken farko na mai ba da tallafi.

Sai batun riga biyu. In har kana cikin kwamitin makaranta, ƙungiyarka ba ta karɓar kwangila ko kuɗi daga asusun wannan makaranta. In wata magana ta taso da ta shafi ƙungiyar, ka faɗa da bakinka, a rubuta a littafi, ka fita har a gama. Hatimi daban, asusu daban, fayil daban. Haka siyasa: ranar da aka ga tutar jam'iyya a taronku, rabin iyaye sun janye, kuma in gwamnati ta sauya ƙofar ofishin ilimi ta rufe muku. A gayyaci kansila da ɗan majalisa a matsayin masu riƙe da kujera, kowace jam'iyya suke.

Tallafin farko kada a nemi babba. Fayil ɗin shekarun kwamiti shi ne jarinka: ƙirgar farko da ta yanzu, hotuna masu kwanan wata, rasit, wasiƙu masu hatimi, sakamakon gwajin karatun yaran nan goma na bara da na bana. A shiga gamayyar ƙungiyoyin ilimi ta CSACEFA reshen jiha, don a nan ake jin labarin horo da kiran neman tallafi, kuma manyan ƙungiyoyi kan nemi ƙananan abokan aiki a can. Kafin a shiga kowace makaranta da sunan ƙungiya a karɓi izinin SUBEB ko sakataren ilimi a rubuce. A tanadi ƙa'idar kare yara ko da shafi biyu ce: babba ba ya keɓewa da yaro a rufaffen ɗaki, ba a ɗaukar hoton yaro a yaɗa sai da yardar iyayensa, kuma an san wanda ake kai wa ƙara.

Rajista ba ta ƙarewa ranar karɓar takarda. Ban da shekarar da aka yi ta, kowace shekara ana kai wa CAC rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, tare da bayanin kuɗi da odita ya duba. Wanda ya bari suka taru zai biya tara, kuma a shafin hukumar za a ga ƙungiyar a matsayin marar aiki, wurin da masu ba da tallafi ke fara dubawa. Ma'aikata masu albashi kuma ana cire musu harajin albashi a kai hukumar haraji ta jiha. Canjin amintacce, ko mutuwa ce ta kawo shi, sai an sanar da hukumar an bi matakansa.

Idan aikin ƙungiya ya fara cin lokacinka har kana fashin taron makaranta, ka sauka daga kwamitin a ƙarshen wa'adi. Wata shida kafin nan ka riƙa tafiya ofishin ilimi da banki tare da wanda rukuninku ke shirin tsayarwa. Ranar miƙa aiki a zauna gaban kwamiti a ba shi littafin taro, littafin kuɗi, fayil ɗin rasit da na wasiƙu, da bayanin banki na watan ƙarshe, a rubuta takardar miƙawa ku biyu ku sa hannu, sannan a kai wa banki wasiƙar canjin masu sa hannu a cikin makon.